Yadda Ake Shirya Kwamfuta Don Ɗora Windows XP a Cikin VirtualBox

Masu ɗab'i, masu yankan sitika, makanikai masu duba mota da na'ura, da ƙananan ɗakunan gwaje-gwaje a cikin garin Kaduna, da yawansu har yanzu aikinsu na rataye da wata tsohuwar manhaja da ba ta tashi sai a kan Windows XP. Wata manhajar 16-bit ce, kuma Windows mai 64-bit ba ya buɗe irinta ko kaɗan. Wata kuma direban na'urarta ne aka daina sabuntawa tun shekaru. Idan tsohuwar kwamfutar ta mutu, hanya mafi sauƙi ita ce a gina wata kwamfutar kwaikwayo a cikin sabuwa da manhajar VirtualBox, a ɗora XP a cikinta. Kwamfutarka ta zahiri ita ce mai masauki, XP kuma baƙo.

Shi baƙon ba ya cin komai. XP ya fito a watan Oktoba na 2001, kuma abin da Microsoft ya nema a lokacin shi ne furosesa mai gudun 233 MHz, RAM 64 MB, da filin ajiya 1.5 GB. Kowace kwamfuta da ke kasuwa yau ta ninka wannan sau da yawa. Saboda haka inda ake faɗuwa yana wajen mai masauki: ko furosesa ba ta da fasahar da ake buƙata, ko RAM ɗin da ya rage bai isa ba, ko faifan ajiya ya yi nauyi, ko kuma babu kafar da za a jona na'urar da aka yi duk wahalar dominta. A duba waɗannan huɗun kafin a kashe data wajen sauke komai.

Furosesa: a fara daga nan

Dole ne furosesar ta zama mai 64-bit, domin tun daga VirtualBox 6.0 aka daina fitar da na mai masauki 32-bit. Dole kuma ta zama tana da fasahar da ke taimaka wa kwamfutar kwaikwayo aiki, wadda Intel ke kira VT-x, AMD kuma ke kira AMD-V. A da, VirtualBox yana iya lallaɓawa ba tare da ita ba, amma daga 6.1 an cire wannan hanyar. In babu ita, baƙon ba zai tashi ba, ko da RAM ɗinka ya kai nawa.

Ga yadda ake dubawa a Windows 10 ko 11. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, zaɓi CPU, ka duba ƙasa ta dama inda aka rubuta Virtualization. Idan ka ga Enabled, ka wuce wannan matakin. Idan Disabled ne, fasahar tana nan amma an kashe ta a BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ya tashi, kuma haka laftof na hannu da yawa ke zuwa.

Kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka kunna, ka riƙa danna maɓallin shiga BIOS tun kafin tambarin Windows ya bayyana. A HP, Esc ne sannan F10. A Dell da Acer, F2. A ThinkPad, F1. Nemi Virtualization Technology ko Intel VT-x. A kwamfutar AMD sau da yawa sunansa SVM Mode. Yakan ɓuya a ƙarƙashin Security, Advanced ko System Configuration. Mayar da shi Enabled, ka adana, ka fita. Wasu tsofaffin injuna ba sa karɓar canjin sai an kashe su ɗungurungum an sake kunnawa. Za ka iya ganin wani mai suna VT-d a kusa da shi. Wannan wani abu ne daban, ba shi ake nema ba.

Idan BIOS ɗin na da kalmar sirri ta kamfanin da ya yi amfani da laftof ɗin a ƙasar waje, ba za ka iya canza komai ba. Don haka duk wanda zai sayi laftof na hannu, ko a shagunan titin Ahmadu Bello ne ko a Kasuwar Sheikh Gumi, ya shiga BIOS a gaban mai shagon kafin ya biya. Minti biyu ne, kuma ya fi a koma ana jayayya.

Akwai furosesocin da ba su da VT-x sam: Atom N270 da N450 na ƙananan laftof ɗin nan, Core 2 Duo T6400 da T6600, da Pentium B950 da B960. Waɗannan babu gyara. Core i3, i5 ko i7 daga ƙarni na biyu zuwa sama, da kowace Ryzen, sun wadatar. Rubuta lambar furosesar a shafin Intel ko AMD, za ka ga ko tana da fasahar. Masu MacBook mai M1 ko abin da ya biyo bayansa su sani cewa ginin furosesarsu ARM ne, XP kuma na x86 ne. Sai dai a kwaikwayi furosesar gaba ɗaya da manhaja irin UTM, kuma tafiyar tana da nauyi.

Wajen rabon ƙwayoyin furosesa (cores), ka ba XP ƙwaya ɗaya. Yawancin manhajojin zamaninsa da ƙwaya ɗaya suke aiki. Kada ka ba baƙo fiye da rabin ƙwayoyin zahiri na injinka. Laftof mai i5 na ƙarni na uku ƙwaya biyu gare ta, ko da Task Manager ya nuna huɗu. Idan ka miƙa wa baƙo duka, shi da mai masauki za su riƙa jiran juna, abin da aka yi don sauri ya koma jinkiri.

RAM: lissafin abin da ya rage

RAM ɗin da ka ba baƙo ana cire shi ne daga hannun mai masauki muddin baƙon na kunne. Ka buɗe Task Manager lokacin da kake aikinka na yau da kullum, da burauza da duk abin da ka saba buɗewa, ka duba Available a ƙarƙashin Memory. Daga wannan adadin za ka yanka, kuma ka bar wa mai masauki aƙalla 1 GB na numfashi.

XP mai Service Pack 3 yana tafiya lafiya da 512 MB. Da 1 GB yana sakewa sosai. Idan manhajar zane ce mai buɗe manyan hotuna, ba shi 2 GB. Wuce 3 GB asara ce, domin XP 32-bit ba ya ganin abin da ya haura kusan 3.25 GB duk yadda aka yi.

Kwamfuta mai 4 GB da Windows 10 za ta ɗauki XP mai 512 MB zuwa 1 GB, da sharaɗin a rufe Chrome. Da Windows 11 a kan 4 GB, wahala ce kawai. 8 GB shi ne inda aiki ke daɗi, kuma shi ne mafi ƙaranci idan baƙon Windows 7 ne, domin shi 7 yana neman 1 GB a 32-bit, 2 GB a 64-bit tun a takarda, a aikace kuma sai an ba shi 2 GB zuwa 4 GB.

Alamar cewa ka wuce gona da iri a bayyane take: fitilar faifan ajiya ba ta mutuwa, linzamin kwamfuta yana tsalle, mai masauki da baƙo duk sun daskare. Windows ne ya rasa RAM ya koma rubuta abin da ke cikinsa a faifai. Rage na baƙo, ko ka ƙara RAM.

Idan ƙari za ka yi, a nan mutane ke asarar kuɗi. Latitude E6420 da E6430, da ThinkPad T420 da T430, DDR3 suke ɗauka. ThinkPad T440 da EliteBook 840 G1 da G2 suna son DDR3L mai aiki da bolt 1.35; idan aka sa musu DDR3 na bolt 1.5, zai shiga ramin daidai amma allon zai tsaya baƙi. EliteBook 840 G3 kuma DDR4 ne. Ka je kasuwa da laftof ɗin a hannunka, a sa a gabanka, ka ga adadin ya fito a BIOS.

Faifan ajiya

Duk faifan baƙon fayil guda ne mai ƙarshen .vdi a cikin faifan mai masauki. Idan tsohon faifai mai juyawa ne, tsarin aiki biyu ne ke jan allura guda, kowa na neman nasa wuri. Sauya shi da SSD shi ne gyara guda da ya fi kowane tasiri. Ko ƙaramin SATA mai 256 GB ya isa. A ra'ayinmu, wanda kuɗinsa bai kai na RAM da SSD tare ba, kuma XP kawai zai ɗora, ya fara da SSD.

Ware wa XP 20 GB, Windows 7 kuma 40 GB. Bar shi a nau'in da ke girma a hankali, wato kada ka zaɓi Pre-allocate Full Size: fayil ɗin zai fara ƙarami, ya riƙa ƙaruwa gwargwadon abin da aka zuba. Amma ka tuna ba ya raguwa da kansa idan ka goge abu a cikin baƙon. Kuma idan faifan mai masauki ya cika, VirtualBox zai dakatar da baƙon ana tsakiyar aiki. Ka tabbata akwai fili da ya kai ninki biyu na abin da ka ware. Kada ka gudanar da baƙon daga fulash. Yana da nauyi, kuma da zarar ya ɗan motsa a kafarsa fayil ɗin na iya lalacewa.

Kafar da na'urar za ta shiga

Wannan ne ya kamata a fi tsayawa a kai, domin shi ke yanke hukuncin ko aikin zai yiwu.

Idan na'urar USB ce, kamar firinta, sikana, injin yankan sitika ko makullin lasisin manhaja da ake sokawa a kwamfuta, yawanci babu matsala. Daga VirtualBox 7.0, USB 2.0 da 3.0 suna cikin manhajar kanta, a 6.1 sai an ƙara Extension Pack, ƙarin manhaja da ake saukewa daban, mai lamba daidai da ta VirtualBox ɗin. Ga XP ka zaɓi USB 2.0, domin XP bai zo da direban USB 3.0 ba, kuma idan ka zaɓe shi baƙon ba zai ga komai ba. Sannan ka jona na'urar, ka shiga Settings, USB, ka danna alamar ƙari ka zaɓe ta. Daga nan duk lokacin da aka soka ta baƙon na kunne, shi zai karɓe ta kai tsaye. Idan aka ce na'urar tana hannun wani, mai masauki ne ya riga ya kama ta: zare, ka jira XP ya gama tashi, ka mayar. Direban na'urar a cikin XP ake ɗora shi.

Idan kafar siriyal ce mai fil tara, wadda tsofaffin injunan yanka, ma'aunai da wasu na'urorin gwaji ke amfani da ita, sayi kebul mai mayar da USB zuwa siriyal. Nemi mai guntun FTDI. Masu arha da ke ɗauke da jabun guntun Prolific suna yawan ƙin aiki da sababbin direbobi. Hanya biyu ce: ko ka miƙa kebul ɗin ga baƙo a matsayin USB ka ɗora direbansa a XP, ko ka bar shi a hannun mai masauki, ka shiga Serial Ports, ka zaɓi Host Device, ka rubuta lambar da Device Manager ya ba shi, misali COM3. Tsofaffin manhajoji da yawa COM1 zuwa COM4 kawai suka sani, don haka idan XP ya ba kebul ɗin COM7, ka canza lambar a Device Manager ɗin XP.

Inda hanya ke ƙarewa shi ne kafar faralel mai fil 25 da katin PCI. Kebul na USB zuwa faralel firinta kawai yake yi wa aiki. Makullin lasisi na faralel ba ya magana ta cikinsa. Na'urar da ke da katinta na musamman da ake sokawa a cikin uwar allon kwamfuta kuwa, VirtualBox a kan Windows ba zai iya miƙa wa baƙo katin ba. Haka ma na'urar da ke buƙatar daidaiton lokaci sosai, kamar injin sassaƙa da ake sarrafawa ta kafar faralel, ko rubuta manhaja a ƙwaƙwalwar mota, inda yankewar daƙiƙa ɗaya kan iya kashe ƙwaƙwalwar. A irin waɗannan, a nemi tsohuwar kwamfutar tebur ta gaske a ɗora mata XP. Ya fi aminci, kuma bai kamata a yi gwaji da motar mutane ba.

Katin hoto ba abin damuwa ba ne ga aikin ofis da zane mai fuska biyu. Ka ɗaga Video Memory zuwa 64 MB ko 128 MB. Amma tun daga 6.1 babu taimakon 3D ga XP a VirtualBox. Wanda manhajarsa ke buƙatar 3D ya gwada VMware Workstation Pro, wanda ya zama kyauta a 2024.

Ginawa da ɗorawa

Tanadi faifan CD na XP ko fayil ɗinsa na ISO, wato kwafin CD ɗin a fayil guda, zai fi kyau mai Service Pack 3, da lambar lasisi ta halal. XP na ba da kwana 30 kafin ya nemi a tabbatar da lasisin. Ka guji ISO ɗin da aka yi wa kwaskwarima ake yawo da su a fulash. Ba ka san abin da aka cusa a ciki ba.

1. Sauke VirtualBox daga shafinsa na asali. Idan VirtualBox 7 ne kuma ya ƙi shiga, yawanci Microsoft Visual C++ 2019 Redistributable yake nema. Ɗora shi tukuna.

2. Danna New, ba shi suna, nuna masa ISO, ka tabbata nau'in Windows XP 32-bit ne. Ka hana shi ɗorawa da kansa, wato Unattended Installation, don ka ga kowane mataki da idonka.

3. Sa RAM, ƙwaya ɗaya, da faifai 20 GB. Kada ka kunna EFI; XP bai san shi ba.

4. Kafin ka tayar, shiga Settings, Storage, ka tabbata faifan yana ƙarƙashin IDE. XP bai zo da direban SATA na zamani ba. Idan faifan na kan SATA, ko dai ya ce bai ga faifai ba, ko ya faɗi da shuɗin allo mai lamba 0x0000007B.

5. A System, idan kana tunanin wata rana za ka ba shi ƙwaya biyu, kunna I/O APIC yanzu. XP yana zaɓar yadda zai yi magana da injin ne a lokacin ɗorawa. Kashe shi bayan an gama na iya hana XP tashi, kunna shi daga baya kuma ba ya sa XP ya ga ƙwaya ta biyu da kansa.

6. Sauti ya zama ICH AC97. Network kuma ka mayar da shi Not attached.

7. Danna Start. A shuɗin allo danna Enter, F8 don amincewa da yarjejeniya, ka zaɓi filin, ka tsara shi da NTFS na sauri. Faifan baƙon kawai yake gogewa, fayilolinka na waje ba abin da zai taɓa su. Idan ya sake tashi ya ce a danna kowane maɓalli don tashi daga CD, kada ka taɓa komai, in ba haka ba za ka koma farko. Idan linzami ya maƙale a cikin tagar, Ctrl na hannun dama ke sakin sa. A wasu laftof sai an haɗa F8 da Fn.

8. Da XP ya buɗe, je Devices, Insert Guest Additions CD image, ka ɗora waɗannan direbobin VirtualBox na baƙo. Zai yi gargaɗin cewa direbobin ba su da sa hannu, ci gaba. Bayan ya sake tashi, allon zai daidaita da girman taga, linzami zai riƙa shiga da fita ba tare da maƙalewa ba.

9. A Shared Folders, ware folda guda kaɗai don musayar fayil, ka zaɓi Auto-mount. Idan ba ta bayyana ba, rubuta \\VBOXSVR a akwatin Run na XP. Kada ka raba dukan faifan C.

Idan ya tashi amma yana jan ƙafa

Dubi ƙasan tagar baƙon ta dama. Idan ka ga hoton koren kunkuru, Hyper-V, wato tsarin kwamfutar kwaikwayo na Windows kansa, shi ne ya riga ya riƙe VT-x, VirtualBox yana bi ta bayansa. Wannan ya fi yawa a Windows 11. Shiga Windows Security, Device security, Core isolation, ka kashe Memory integrity. A Windows Features cire alamar Hyper-V, Virtual Machine Platform da Windows Hypervisor Platform. Idan kunkurun bai tafi ba, buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, sannan ka sake kunna kwamfutar. Ka sani cewa Memory integrity kariya ce ta gaske, kuma manhajojin da suka dogara da Hyper-V, irin WSL2 da Docker Desktop, za su daina aiki. Idan XP ɗin na yin aikinsa duk da kunkurun, barin kariyar a kunne ya fi.

Idan babu kunkuru kuma jinkirin sai bayan an ɗan jima ana aiki yake zuwa, zafi ne. Ƙurar hunturu tana toshe fankar laftof, sai zafin Maris da Afrilu ya zo ya same ta a toshe, furosesa ta rage gudunta don kada ta ƙone. A buɗe a hure fankar, a canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, a daina ɗora laftof a kan katifa ko darduma. Haka kuma laftof da ke kan batir tana rage gudu da kanta. A jona caja, a sa tsarin wuta a kan mafi ƙarfi.

Wuta da tsaro

Ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu a faifai na iya lalata fayil ɗin .vdi, kuma lalacewarsa na nufin XP, manhajar da bayananta duka a lokaci guda. Kwamfutar tebur tana buƙatar UPS da zai riƙe ta ko da minti biyar ne, a samu a kashe baƙon ta Start, Turn Off. Laftof mai mataccen batir hukuncinta ɗaya da ta tebur, musamman a lokacin sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta.

Da zarar manhajar da na'urar sun yi aiki, kashe baƙon ka ɗauki Snapshot, wanda zai ba ka damar komawa wannan matsayin idan abu ya ɓaci. Biyu ko uku sun isa, domin kowanne yana cin fili, kuma a faifai guda suke da asalin, idan faifan ya mutu tare za su tafi. Ajiyar gaske ita ce File, Export Appliance, wanda ke fitar da fayil guda mai ƙarshen .ova, kwafe shi a faifan waje. Fayilolin aikin yau da kullum kuma a riƙa ajiye su a foldar musaya, domin komawa tsohon Snapshot yana share duk abin da aka adana a cikin baƙon bayan ɗaukarsa.

Microsoft ya daina tallafa wa XP a ranar 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 kuma 14 ga Janairu 2020. Harin WannaCry na watan Mayu 2017 ta tsohuwar hanyar raba fayil ta SMB ya riƙa yaɗuwa tsakanin kwamfutoci, hanyar da XP ke amfani da ita. Shi ya sa aka ce a bar Network a Not attached. Idan dole sai baƙon ya yi magana da mai masauki, zaɓi Host-only. Idan dole sai ya taɓa intanet na ɗan lokaci, zaɓi NAT, ka gama ka cire, kuma kada a shiga asusun banki ko imel daga cikinsa. Fulash ɗin kwastoma a fara soka shi a mai masauki a bincike shi, sannan a tura fayil ɗin ta foldar musaya.

Wanda manhajarsa ta Windows 98 ce, lissafinsa daban ne. Kada RAM ya wuce 512 MB, domin 98 na rikicewa da abin da ya fi haka; faifai 2 GB zuwa 8 GB ya isa; babu Guest Additions nasa a VirtualBox; kuma a kan Ryzen da sababbin Intel yakan faɗi tun wajen ɗorawa sai an yi masa faci. 86Box, wata manhajar kwaikwayo daban, ya fi dacewa da shi, domin yana kwaikwayon tsohon injin gaba ɗaya, sai dai yana buƙatar furosesa mai ƙarfin ƙwaya guda sosai kafin ya kai gudun Pentium II. Idan kuma manhajar DOS ce zalla, DOSBox-X ya wadatar, kuma kusan kowace laftof za ta ɗauke shi.